Yadda Ake Bin Sawun Baƙi a Gidan Tarihi Don a San Abin da Za a Gyara

Kusan duk gidan tarihin da ka shiga za ka tarar da littafin baƙi a bakin ƙofa, da biro ɗaure da zare. Buɗe shi ka karanta shafi goma. "Masha Allah." "Ya yi kyau ƙwarai." "Allah Ya ƙara basira." "Mun ƙaru." Da wuya ka ci karo da wanda ya rubuta cewa zafi ya dame shi, ko rubutun jikin gilashi ya yi masa ƙanƙanta, ko ya fita bai gane abin da ya haɗa tukunyar can da takobin nan ba. Ba ƙarya mutane suke yi ba, kara ce. Mutumin da ka tarba, ka zagaya da shi, sannan ka tsaya a kansa yana rubutu, ba zai kushe maka gida a gaban idonka ba. Ma'aikacin da ya dogara da wannan littafi sai ya shekara goma yana zaton komai lafiya, alhali baƙinsa da yawa ba su taɓa kaiwa ƙuryar zauren ba.

Akwai hanyar gano abin da baƙo ya gani da abin da ya tafi da shi ba tare da an sa shi jin nauyi ba. Kayan aikinta takarda ne da fensir da agogon waya, sai haƙuri. A nan Kaduna muna da gidaje biyu da kowa ya sani, kuma baƙinsu ba iri ɗaya ba ne. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Akwai kuma Arewa House a Titin Rabah, gidan Firimiya Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Matakan da ke tafe za su yi aiki a irin waɗannan manyan gidaje, za kuma su yi a ɗan ɗakin tarihi na makaranta ko na fada, ko baje kolin kwana uku da ake shiryawa don ranar gidajen tarihi ta duniya, 18 ga Mayu.

Mataki na 1: Ku tsayar da tambaya guda

"Muna so mu ji ra'ayin jama'a" ba tambaya ba ce, buri ne. Tambayar da ta isa a yi wahala a kanta ita ce wadda amsarta za ta sa ku ɗaga wani abu daga nan ku mayar da shi can. Shin baƙi suna kaiwa sashen ƙarshe, ko tun a tsakiya suke juyawa? Yaran firamare suna iya ganin abin da ke cikin akwatunan gilashi kuwa? Wanda ba ya jin Turanci, me yake fita da shi? Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta ta a saman takarda, a ƙasanta ku rubuta abin da za ku yi idan amsar ta zo haka, da abin da za ku yi idan ta zo akasin haka. In kun rasa abin rubutawa a ƙasan, ku canja tambayar.

Kafin a fara, a zauna da shugaban gida da masu yi wa baƙi jagora. Wannan zama ba na cika ƙa'ida ba ne. Ɗan jagora da ya ga wani yana bin ayarinsa da takarda zai ɗauka laifinsa ake nema, ranar sai ya ninka bayani, duk abin da aka rubuta ya tashi a banza. A gaya musu ƙarara cewa zaure ake aunawa ba mutum ba, kuma ba za a sa sunan kowa a rahoto ba.

Mataki na 2: Ku san su wa ke shigowa

A teburin tikiti a ajiye takarda mai layuka, mai tikitin ya riƙa cikewa da kansa: rana, lokaci, mutum nawa, manya nawa yara nawa, daga wace unguwa ko gari, wane harshe suka fi so a yi musu bayani da shi, sun taɓa zuwa ko yau ne farko. Ba suna, ba lambar waya. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma ko ba don ita ba, mutum yana ganin an tambayi lambarsa yake fara ɗari-ɗari.

Layin unguwa da na harshe su ne masu tsada a garin nan. Kaduna gari ne na Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Ham da Bafulatani da Bayerabe da Ibo, kuma bayan wata guda takardar za ta nuna muku ko daga Kawo da Unguwar Rimi da Malali kawai ake zuwa, ko ana tsallako kogi daga Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha. Idan Rigasa, duk da yawan jama'arta da tashar jirgin ƙasa da ke cikinta, ba ta fito a takardar ba sai jefi-jefi, to wannan ma amsa ce.

Ku ƙara layi ɗaya: "Me ya kawo ku yau?" Wani Ba'amurke mai nazarin gidajen tarihi, John Falk, ya nuna cewa dalilin zuwan mutum ya fi shekarunsa ko iliminsa bayyana yadda zai yi a cikin zaure. Muna ganin haka a nan. Akwai uban da ya kawo 'ya'yansa, idonsa na kansu ba a kan gilashi ba. Akwai ɗalibin KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko na Poli da ya zo da furojet, abu ɗaya yake nema. Akwai baƙon Abuja da aka ce masa kada ya bar gari bai leƙa ba, hoto yake so. Akwai kuma wanda inuwa da shiru kawai suka kawo shi. Duk baƙi ne, kuma zaure ɗaya za su shiga.

Mataki na 3: Bin sawu da agogo

Nan ne zuciyar aikin, domin baki yana kara amma ƙafa ba ta yi. Inda mutum ya tsaya ya tsaya, inda ya wuce ya wuce.

A zana taswirar zauren a farar takarda guda: ƙofar shiga, ƙofar fita, kowane akwatin gilashi, kowane allon bayani, kowane hoton bango, har da benci da taga. Kowane abu a ba shi lamba. Ba sai zanen ya yi kyau ba, ya dai zama wanda ya riƙe shi zai gane inda yake. A yi fotokwafi 50, baƙo ɗaya takarda ɗaya.

Sai dokar zaɓen wanda za a bi, wadda ita ce aka fi karyawa. Mai bin sawu ya tsaya kusa da ƙofa, ya ɗauki mutum na uku da ya ƙetare dokin ƙofa bayan ya shirya. Idan ranar baƙi ba su da yawa, ya ɗauki duk wanda ya fara shigowa. Kada ya zaɓa da ido, don ido zai kai shi ga mai tabarau da littafi a hannu, wanda dama zai karanta komai. In iyali ne ko abokai, mutum ɗaya za a bi a cikinsu har ya fita.

A rubuta lokacin shiga. A riƙa ja wa hanyarsa layi a kan taswira. Duk inda ya tsaya a sa alama, amma ku yi ittifaƙi tun farko kan abin da ake kira tsayawa: ƙafa biyu sun tsaya, fuska na kallon abin, aƙalla daƙiƙa 3. Waiwaye ana tafiya ba tsayawa ba ne. Kusa da alamar a rubuta daƙiƙoƙin da ya yi, da harafi ɗaya na abin da ya aikata: K in ya yi karatu, M in ya yi magana da na kusa da shi, N in ya yi nuni da yatsa, H in ya ɗauki hoto, Z in ya zauna ko ya jingina. A ƙarshe a rubuta lokacin fita. A gefen takarda a sa ko akwai wuta a lokacin, ko fanka na juyawa, ko an cika. Ba ƙaramin abu ba ne: zauren da aka auna da rana tsaka a watan Afrilu babu wuta, da wanda aka auna da hantsi cikin hunturu, za ka rantse ba wuri ɗaya ba ne.

Mai bin sawu ya ba da tazara, ya zama kamar ma'aikacin da ke duba gilasai. Amma ba leƙen asiri ake yi ba. A manna sanarwa a ƙofa da Hausa da Turanci cewa a wannan makon ma'aikata suna lura da yadda ake zagaya zaure domin gyara, duk wanda ba ya so ya faɗa. Ba a ɗaukar hoton kowa, ba a bin yaron da ba ya tare da babba, kuma ya fi dacewa mace ta bi mata. 'Yan hidimar ƙasa da ɗalibai masu neman sanin makamar aiki suna iya wannan aiki sarai, muddin an fara sa mutum biyu su bi baƙo ɗaya a gwada takardunsu. In sun saɓa da yawa, a sake zama kan ma'anar tsayawa.

A raba takardun 50 ɗin tsakanin ranakun aiki da Asabar, safe da yamma. Kada a cike su duka a makon Salla ko na Kirsimeti, jama'ar biki daban suke.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace lamba a ƙirga mutum nawa cikin 50 suka tsaya a gabanta, wannan shi ne ƙarfin jan idonta. Sannan a jera daƙiƙoƙin waɗanda suka tsaya daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wannan shi ne ƙarfin riƙewarta. Na fi son na tsakiya a kan a tara a raba, domin mai bincike ɗaya da ya yi rabin awa a gaban takarda guda ya isa ya lalata lissafin kowa. A ɗauko taswira sabuwa a shafa ja a wuraren da aka fi tsayawa, shuɗi a wuraren da aka fi wucewa.

Abu huɗu za ku gani, amma biyu ne masu aiki. Wanda mutane da yawa ke tsayawa su daɗe, ku bar shi kawai. Wanda ba a tsayawa, in an tsaya ma ba a daɗewa, ku tambayi kanku ko ya cancanci wurin da ya tare. Na ukun shi ne wanda ake tsayawa da yawa a wuce nan take: abin ya ja ido, amma da aka matso ba a sami bayanin da zai riƙe mutum ba, matsalar rubutu ce. Na huɗu ya fi ban haushi: kaɗan ne ke tsayawa, amma duk wanda ya tsaya sai ya daɗe. Abu ne mai kyau da aka ajiye a lungu, ko bayan ginshiƙi, ko inda ƙwan fitila ya mutu. Sau da yawa gyaransa bai wuce mutum huɗu su ciccibi akwati ba.

Kada sakamakon ya kashe muku gwiwa, haka abin yake ko'ina. Tun 1916 Benjamin Ives Gilman na gidan tarihin Boston ya wallafa hotunan wani mutum yana durƙuso, yana sunkuyo, yana ɗage, duk don ya ga kayan da aka ajiye, ya nuna cewa tsarin ajiyar ne ke gajiyar da baƙi. A 1935 Arthur Melton ya lura cewa mafi yawan baƙi in sun shiga zaure hannun dama suke bi, kuma da sun hango ƙofar fita sai su ƙara sauri. Beverly Serrell, wadda ta tattara irin wannan awo daga baje koli sama da 100, ta samu cewa galibi ba a cika minti 20 ba komai girman wurin, kuma kaɗan ne ke tsayawa a fiye da rabin abubuwan. Mu da muka saba fara komai da dama, ina zaton za mu bi Melton, amma taswirarku ce za ta faɗa. Idan labarin zaurenku ya fara daga hagu, jama'a kuma dama suke bi, to daga ƙarshe suke karanto shi.

Agogo yana da iyakarsa. Dattijon da ya tsaya minti biyu shiru a gaban kayan Sardauna, da saurayin da ya yi minti biyu yana gyara tsayuwar hoto, a takarda lamba ɗaya ce. Shi ya sa ake sa haruffan nan, shi ya sa kuma dole a yi hira.

Mataki na 4: Ayarin makaranta, a bi shi daban

Motar makaranta ta sauke yara 60 da malamai biyu, ba yadda za a yi ka bi ɗaya. Tsaya a bayan ayari, inda ɗan jagora ba ya gani. A kowace tsayawa ka ƙirga yara nawa ne idonsu ke kaiwa ga abin da ake nunawa, ka ga ko murya na isowa sahun baya, ka rubuta mintin da aka fara zungurin juna da tambayar banɗaki. Wannan minti shi ne ainihin tsawon zagayen da yaran ke iya ɗauka, duk bayanin da ya biyo baya bango ake yi wa.

Ka rubuta duk tambayar da yaro ya yi, yadda ya faɗe ta. "Malam, da gaske mutum ya taɓa sa wannan?" "Me ya sa ya fashe?" "Nawa ne kuɗinsa?" Bayan ayari goma za ka ga tambayoyi biyar ko shida ne ke ta dawowa, kuma da su za a sake rubuta allunan bayani. Ka durƙusa sau ɗaya daidai tsayin ɗan aji uku ka dubi akwatin. Wani lokaci katakon gefe kawai za ka gani, da hasken taga a jikin gilashi.

Kafin su hau mota a ba kowane yaro takarda ya zana abu ɗaya da zai nuna wa mamarsa. Bayan mako biyu a kira malamin da ya kawo su, da izininsa tun farko: me yaran ke ambata har yanzu, ya yi amfani da wani abu a aji, me zai so a tanadar kafin su dawo? Wannan kira na minti biyar ya fi fom ɗin da ake cikewa a tsaye direba na ta danna oda.

Mataki na 5: Hira a bakin fita

Wanda ya zagaya da baƙo ba shi zai yi masa tambaya ba. A sa wani daban, a waje, cikin inuwa, da benci. Ga yadda ɗaliba za ta iya buɗe magana da dattijo:

"Salamu alaikum Baba, sannunku da zagaye. Ga benci ku ɗan huta. Ni ɗaliba ce, ba ni na shirya wurin nan ba, an dai sa ni in ji ta bakin jama'a saboda za a yi gyara. Minti uku zan ci muku."

"To 'yata, bismilla."

"Baba, in kun koma gida jikoki suka tare ku, me za ku fara ba su labari?"

Cewar da ta yi ba ita ta shirya wurin ba, ita ce ta sauke masa nauyi. Tambayar kuma ba ta nemi yabo ko suka ba, labari ta nema, kuma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne abin da zauren ya bar masa. In ya ce takobi, alhali ku kun gina zauren ne a kan tarihin fatauci, kun ji amsarku ba tare da kowa ya ji kunya ba.

"Kun ji daɗi?" da "Kun fahimta?" a jefar da su, amsarsu ɗaya ce har abada. A maimakonsu: Da za a ba ku shugabancin gidan nan na wata guda, ina za ku fara taɓawa? Cikin danginku wa zai fi jin daɗin wurin nan, wa kuma zai gaji? Akwai abin da kuka sa rai za ku gani ba ku gan shi ba? Ta biyun tana da daɗin aiki, domin mutumin da ba zai ce shi ya gaji ba zai faɗa maka dalla-dalla abin da zai gajiyar da yayarsa mai ciwon gwiwa. Tambaya huɗu ta isa. A rubuta amsa da kalmomin mai maganar, da harshen da ya zaɓa, Hausa ko Turanci ko buroka. In ya yi kuskuren tarihi kada a gyara masa a lokacin, a rubuta, don kuskuren da mutum biyar suka yi a wuri ɗaya na allon bayani ne ba nasu ba. In ya yi shiru a bar shi, maganar kirki bayan shirun take zuwa.

Ga masu sauri da waɗanda ba sa karatu, a jera gwangwanaye huɗu a bayan ɗan labule, kowanne da hoton wani sashe, a ba mutum murfin kwalba ɗaya ya jefa a sashen da ya fi so a gyara. Masu son aiki da waya suna iya zuba tambayoyin a manhajar KoboCollect, wadda ke karɓar amsa ko babu intanet. Sai dai fom ɗin da ake turawa ta WhatsApp, masu data da karatun boko kaɗai ke cike shi, kada a ɗauke shi muryar kowa.

Mataki na 6: Ku tambayi mai shara da maigadi

Mai goge gilashi ta san akwatin da ya fi cika da shatin yatsu da na goshin yara, kowace safiya tana gani. Maigadi ya san masu zuwa ƙofa su tambayi kuɗin shiga su juya, da masu keken guragu da suka tarar da matakala, da tambayar da aka fi yi masa, wadda sau da yawa ita ce ina wurin alwala. Inda ake da masu sana'ar hannu a harabar gida, kamar yadda ake da su a gidan tarihin Titin Ali Akilu, su ma a zauna da su. Baƙo yakan saki jiki a gaban masaƙi ko maƙeri ya yi tambayar da ba zai yi wa mai lanƙwasa Turanci ba.

Mataki na 7: A kasa abin da aka samu kashi uku

Taswira mai launi a tsakiyar tebur, takardun hira a gefe, kowa ya zo har da masu jagora. Duk matsalar da ta fito ta hanya biyu, a ce ƙafa ta nuna ta baki kuma ya faɗe ta, ita ce kan gaba. A kasa: abin da za a iya yi a makon nan ba ko kwabo, kamar juya akwati, buɗe taga, raba ayari gida biyu, abin da ke son ɗan kuɗi, kamar benci, ƙwan sola, sabon bugu, sai abin da sai an rubuta wa na sama. Na ga yadda ake cika taro da kashi na uku ana kukan kasafi, a tashi ba a taɓa na farko ba. Ku fara da na farkon, shi ne kuma hujjar da za ku haɗa da wasiƙar na ukun.

Mataki na 8: A gwada da kwali kafin a kai wa mai bugu

Ɗauki misalin kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu da ake tonowa daga ƙasa, tunda namu ne, garin Nok yana ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar nan. Bayanin da aka saba gani a gidajen tarihi da yawa bai wuce suna da wuri da shekara da lambar rajista ba. Masani ya gamsu, baƙo ya wuce. Alhali ga labari nan zube: a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan siffofi, a 1943 kuma aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a, wanda ake cewa an taɓa kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos a 1952.

Sai a sami kwali da maka a rubuta wani abu kamar haka, a manna da salatif kusa da tsohon:

"Da yumɓu aka gina wannan kan aka gasa shi, sama da shekara 2,000 da suka wuce, a kudancin jihar nan. Dubi gyaran gashinsa. Dubi hudar idanu da hanci: masana na ganin ta nan iska mai zafi ke fita lokacin gasawa don kada ya fashe. Ka taɓa ganin kitso mai kama da wannan?"

Bai kai kalma 60 ba, ya fara da abin da ido ke gani, ya ce a duba. A kira mutum goma ɗaya bayan ɗaya su karanta da ƙarfi, sannan su faɗi abin da suka gane da bakinsu. Inda harshe ya sarƙe, a nan za a gyara. A sa dattijo ya ja baya taku biyu ya karanta, in ya ƙanƙance ido a ƙara girman haruffa. A gwada Hausa a sama Turanci a ƙasa, wani makon a juya. A gwada layi ɗaya na ajami a ga su wa zai tsayar, don akwai malamai da 'yan kasuwa da yawa da ajami ya fi musu boko sauƙi. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In kun sauya rubutu da fitila da wurin akwati rana ɗaya, ko an sami ci gaba ba za ku san wanne ya kawo shi ba.

Mataki na 9: Waɗanda ba su taɓa zuwa ba

Duk abin da ya gabata a kan waɗanda suka shigo ne, kuma su ne 'yan kaɗan. A ɗauki rana biyu a fita: Kasuwar Sheikh Gumi, tashar Kawo, ƙofar wata Islamiyya, harabar wani coci bayan an tashi. Tambaya biyu kawai: kun san akwai gidan tarihi a garin nan, kuma me kuke jin ana ajiyewa a ciki? Za a ji mai cewa na Turawa ne da 'yan boko, da mai zaton sai da takardar izini ake shiga. Za kuma a ji mai cewa gidan gumaka ne, kuma wannan magana tana fitowa daga Musulmi tana fitowa daga Kirista. Kada a yi musu, kada a yi dariya, a rubuta. Damuwa ce ta gaske, kuma tana hana iyaye sa hannu a takardar fitar makaranta. Maganinta a gayyato limamai da fastoci da shugabannin makarantu zagaye na musamman, a fara da rubuce-rubucen hannu da kayan saƙa da ƙira da na doki in akwai su, a bayyana cewa ajiya ake yi don sani ba don girmamawa ba, sannan a yi musu hirar bakin fita kamar kowa. Haka za a gayyato ƙungiyar makafi da ta kurame tun ana shirya sabon shiri, ba sai ranar yanka kirtani ba.

Mataki na 10: Rahoto, da sake awo

Rahoton kada ya wuce shafi biyu: tambayar da aka fara da ita, taswira mai launi, maganganun baƙi biyar yadda suka faɗe su, sai jerin gyare-gyare da wanda zai yi kowanne da ranar da zai gama. Kwafi ɗaya ga shugaba, ɗaya a bangon ɗakin masu jagora. A ƙofa kuma a manna wa baƙi abin da aka yi da maganarsu: "Kun ce babu wurin zama, mun sa benci biyu a zaure na biyu."

Bayan an gama gyara a bar shi ya zauna kamar wata guda, sannan a sake fito da takardu 50, da dokar zaɓe iri ɗaya da ma'anar tsayawa iri ɗaya. In an matsar da akwati, ya tafi da tsohuwar lambarsa a sabuwar taswira don a iya gwadawa. A kuma duba kalanda: awon da aka yi cikin zangon karatu a maimaita shi cikin zangon karatu, wanda aka yi da bazara kada a gwada shi da na damina, kuma a kauce wa watan azumi sai dai in shi ake son aunawa.